Raɗin Suna da Saran Gari a Ƙarƙashin Mulkin Soja: Misalai daga Afirka da Asiya

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin wasu ayyuka biyu da gwamnatocin soja suka sha yi bayan sun karɓe mulki, wato sauya wa ƙasa suna da gina sabon babban birni a inda babu shi a da. An ɗauko misalai daga Zayar da Binin da Burkina Faso da Myanmar da Pakistan da Nijeriya, daga 1958 zuwa 2006. Manufar ita ce a bayyana dalilin da ya sa waɗannan ayyuka ke zo wa soja da sauƙi, da kuma dalilin da ya sa wasu suka ɗore bayan tafiyar masu su, wasu kuwa suka bi su. Nazarin ya nuna cewa dokar soja tana iya raɗa suna ko zaɓar mazaunin gari a rana ɗaya, amma ɗorewar abin tana hannun jama'a. An ba labarin Abuja da Suleja kulawa ta musamman, domin a nan ne ayyukan biyu suka haɗu, kuma sunan da aka ɗauka na wata masarautar Hausa ne.

Fitilun Kalmomi: mulkin soja, sunan ƙasa, babban birni, Abuja, Suleja

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa suna linzami ne. A al'adarsa ba kowa ke raɗa wa jariri suna ba. Haƙƙin uba ne, ko wanda uban ya wakilta, kuma ba a yin sa a ɓoye: sai an tara jama'a, an raba goro, malamai sun yi addu'a, sannan a sanar. Haka kuma a tarihin ƙasar Hausa, wanda ya sari gari ba a mantawa da shi, sau da yawa ma zuri'arsa ce ke gadon sarautar garin. Ke nan raɗin suna da saran gari duka ayyuka ne na wanda ke da asali da iko a kan abu.

Wannan fahimta tana taimakawa wajen gane wata ɗabi'a ta gwamnatocin soja. Sojan da ya yi juyin mulki bai gaji sarauta ba, ba kuma ƙuri'a ce ta ɗora shi ba. Yana da ƙarfi, amma ba shi da hujjar da zai nuna wa talakawa idan suka tambaye shi dalilin zamansa a kan kujera. Ɗaya daga cikin hanyoyin cike wannan giɓi ita ce ya fito a matsayin wanda ya sake haifar ƙasar: ya ba ta sabon suna, ko ya sarar mata sabon gari. Muƙalar za ta bi misalan wannan ɗabi'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fitar da abin da ya bambanta waɗanda suka ɗore da waɗanda suka rushe.

2.0 Iyakar Nazari

Ya kamata a faɗa tun da fari cewa ba soja kaɗai ke yin waɗannan ayyuka ba. Gwamnatin farar hula ta Juscelino Kubitschek ce ta buɗe birnin Brasilia a 1960. Tanzaniya ta yanke shawarar komawa Dodoma a 1973 a zamanin Julius Nyerere, Houphouet-Boigny kuma ya mai da mahaifarsa Yamusukuro babban birnin ƙasarsa a 1983. A fagen suna ma, Gana ta sami nata ne ranar samun mulkin kai a 1957, Siri Lanka kuma a 1972, duka a hannun farar hula.

Bambancin yana cikin hanyar da ake bi. Gwamnatin farar hula sai ta ratsa majalisa, ta jure muhawarar 'yan adawa da 'yan jarida, wani lokaci ta gyara tsarin mulki. Gwamnatin soja kuwa takan jingine tsarin mulkin tun ranar farko, ta yi mulki da dokar soja, wadda majalisar hafsoshi ke zartarwa ba tare da wata kotu ta ja da ita ba. Saboda haka abin da zai ci wa farar hula shekaru, soja na iya gama shi cikin makonni. Wannan sauri shi ne ƙarfin tsarin, shi ne kuma rauninsa, domin muhawarar da aka tsallake ba ta mutuwa, jira kawai take yi.

3.0 Sauya Sunan Ƙasa

3.1 Zayar

Janar Joseph-Desire Mobutu ya karɓe mulkin Kwango a watan Nuwamba na 1965. A shekarar da ta biyo baya ya kawar da sunayen da Turawan Beljiyam suka ba manyan birane: Leopoldville ta koma Kinshasa, Elisabethville ta koma Lubumbashi, Stanleyville ta koma Kisangani. A ranar 27 ga Oktoba, 1971, ya sauya sunan ƙasar kanta zuwa Zayar. Kogin da ya ratsa ta ma aka kira shi Zayar, kuɗin ƙasa kuwa dama tun 1967 yake amsa wannan suna. A 1972 ya yar da sunansa na baftisma ya koma Mobutu Sese Seko, ya kuma tilasta wa 'yan ƙasa su bar sunayen Turawa.

An yi duk wannan da sunan komawa ga asali. Sai dai kalmar Zayar kanta lafazi ne da Turawan Fotugal suka yi wa wata kalmar harshen Kikongo mai nufin kogi, alhali Kwango sunan wata tsohuwar daular Afirka ne. Wato an cire suna na gida an sa wanda ya biyo ta bakin baƙo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda sunan ya manne da mutum ɗaya har ba a iya raba su. Da Laurent-Desire Kabila ya kori Mobutu a watan Mayu na 1997, nan take ƙasar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Sunayen biranen kuwa ba wanda ya taɓa su, domin Kinshasa da Lubumbashi da Kisangani sunaye ne da suka samo asali daga wuraren kansu.

Irin wannan ƙarshe ya sami Jean-Bedel Bokassa, wanda ya mai da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya daula a watan Disamba na 1976, ya naɗa kansa sarkin sarakuna bayan shekara guda. Da aka tumɓuke shi a 1979, sunan daular ya tafi tare da shi.

3.2 Binin

Mathieu Kerekou ya hau mulkin Dahome ta juyin mulki a watan Oktoba na 1972. A ranar 30 ga Nuwamba, 1975, ya sauya sunan ƙasar zuwa Jamhuriyar Jama'ar Binin. Matsalar tsohon sunan a bayyane take: Dahome sunan daular ƙabilar Fon ce da ke kudu, wadda maƙwabtanta da dama ba su manta da yaƙe-yaƙenta da kamen bayi ba. Mutanen arewacin ƙasar, irin su Bariba da Dendi da Fulani, ba su ga kansu a cikin wannan suna ba. An ɗauko sabon sunan daga sashen tekun da ƙasar ke bakinsa. Tsohuwar daular Binin kuwa tana cikin Nijeriya ta yau, don haka babu wata ƙabila a ƙasar da za ta ce sunan nata ne ita kaɗai. Bayan an yi watsi da aƙidar Markisanci, da aka yi babban taron ƙasa a 1990 aka cire kalmar da ke nuni ga aƙidar daga sunan, aka bar Binin yadda take.

3.3 Burkina Faso

Faransawa sun kira wannan ƙasa da sunan da ke nufin saman kogin Volta, suna ne na mai zanen taswira wanda bai ce komai game da mutanen ba. Kyaftin Thomas Sankara ya sauya shi a ranar 4 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya cif da hawansa mulki. Ga mai nazarin harshe, ginin sunan abin lura ne. An ɗauko burkina daga harshen Mossi, mai nufin mutunci da riƙon gaskiya. An ɗauko faso daga harshen Jula, mai nufin gidan uba. Sannan ɗafin da ake liƙawa a sami Burkinabe, wato ɗan ƙasa, daga Fulatanci yake. Manyan harsuna uku na ƙasar kowanne ya sami rabo. An kashe Sankara a ranar 15 ga Oktoba, 1987, Blaise Compaore da ya gaje shi ya warware manufofinsa da yawa, amma ya bar sunan.

3.4 Bama ko Myanmar

Hausawa sun san wannan ƙasa tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a yankin Arakan. Hausa ce harshen bariki a wajen sojojin Nijeriya na wancan zamani, kuma da suka dawo gida suka zo da kalmar Bama, har yau ana cewa yaƙin Bama.

Sojoji sun fara mulkin ƙasar a 1962 ƙarƙashin Janar Ne Win. A 1988 jama'a suka yi gagarumin bore, wani sabon rukunin hafsoshi ya murƙushe shi da zubar da jini ya karɓe mulki. A watan Yuni na 1989 suka yi dokar da ta sauya sunayen da ake amfani da su a harshen Ingilishi: Burma ta koma Myanmar, Rangoon ta koma Yangon, Arakan ta koma Rakhine. A harshen ƙasar, Myanma da Bama tushensu ɗaya. Na farko na rubutu ne da harkar hukuma, na biyu na maganar yau da kullum. Lafazin da tsofaffin sojojinmu suka kawo ya dace ke nan da na bakin talakan ƙasar.

Sojojin sun ce sabon sunan ya game dukkan ƙabilu. Masu adawa suka ce sunayen biyu duka daga ƙabila mafi rinjaye suka fito, kuma gwamnatin da ba wanda ya zaɓe ta ba ta da ikon sauya sunan ƙasa. Wannan hujja ta ƙara ƙarfi da jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta lashe zaɓen 1990 sojoji suka ƙi miƙa mulki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi sabon sunan, gwamnatin Amurka kuwa ta ci gaba da amfani da tsohon. Shekaru da dama, sunan da mutum ya zaɓa ya furta yana nuna ɓangaren da yake. A nan sunan ya ɗore, amma bai haɗa kan kowa ba.

3.5 Nijeriya a 1966

Nijeriya ma ta ɗanɗana wannan, ko da yake na ɗan lokaci. A ranar 24 ga Mayu, 1966, Janar Aguiyi-Ironsi ya zartar da Dokar Soja ta 34, wadda ta rushe tsarin tarayya, ta mai da jihohi rukunin larduna, ta kuma cire kalmar tarayya daga sunan ƙasa, aka koma Jamhuriyar Nijeriya kawai. Kalma ɗaya ce aka cire, amma a Arewa an fahimce ta a matsayin ƙwace ikon yanki da guraben aikin gwamnati. Tarzoma ta ɓarke cikin 'yan kwanaki, aka yi asarar rayuka, juyin mulki na biyu ya biyo baya a ranar 29 ga Yuli. Kafin watanni huɗu su cika da yin dokar, Yakubu Gowon ya soke ta, kalmar tarayya ta koma mazauninta.

4.0 Gina Sabon Babban Birni

Sauya suna aiki ne na takarda da hatimi. Gina birni kuwa yana cin dukiya da shekaru, yana kuma tayar da mutane daga gonakinsu. Duk da haka dalilan da ake bayarwa sukan yi kama da juna: tsohon birni ya cunkushe, yana gefen ƙasa, yana bakin teku inda abokan gaba za su iya kai masa hari, ko kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓe shi don amfanin kasuwancinsu. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wato nisantar da gwamnati daga taron jama'ar da ke iya yi mata bore.

4.1 Islamabad

Karachi ce babban birnin Pakistan tun 1947. Janar Ayub Khan ya karɓe mulki a watan Oktoba na 1958, a shekarar da ta biyo baya ya kafa kwamitin neman sabon wuri ƙarƙashin Janar Yahya Khan. Aka zaɓi wani fili a arewa, daura da Rawalpindi, inda hedikwatar rundunar sojan ƙasa take. Wani masanin tsara birane ɗan Girka, Constantinos Doxiadis, shi ya zana taswirar birnin, aka gina shi cikin shekarun 1960. Zaɓin ya kusantar da gwamnati ga bariki, ya nisantar da ita daga 'yan kasuwa da 'yan siyasar Karachi. Ya kuma ƙara wa mutanen Gabashin Pakistan, waɗanda su ne suka fi yawa, jin cewa ana kashe dukiyar ƙasa a wani yanki da ba nasu ba. A 1971 suka ɓalle suka zama Bangaladash. Ba ginin Islamabad ne ya raba ƙasar ba, amma birnin da aka gina da sunan ƙasa baki ɗaya bai iya riƙe rabinta ba.

4.2 Naypyidaw

A ranar 6 ga Nuwamba, 2005, ayarin motoci ya fara kwashe ma'aikatun gwamnatin Myanmar daga Yangon zuwa wani wuri kusa da garin Pyinmana, kimanin kilomita 320 arewa. An yi ginin a asirce, ma'aikata da yawa ba su sami isasshiyar sanarwa ba. Sai a ranar 27 ga Maris, 2006, ranar bikin sojoji, aka bayyana sunan birnin: Naypyidaw, wato mazaunin sarakuna. Shugaban mulkin sojan, Janar Than Shwe, ya bi sawun sarakunan ƙasar na da, waɗanda suka saba sauya fada, kamar Sarki Mindon da ya sari Mandalay a 1857. A filin faretin birnin an kafa manyan gumakan sarakuna uku mayaƙa, Anawrahta da Bayinnaung da Alaungpaya.

An rarraba birnin shiyya-shiyya, ta ma'aikatu daban, ta sojoji daban, ta gidajen ma'aikata daban, da tazara mai yawa a tsakani, da tituna masu faɗin gaske waɗanda ba su cika ganin motoci ba. Babu wata tsakiyar gari da jama'a za su taru. Da limaman addinin Buda suka jagoranci zanga-zanga a Yangon a 2007, gwamnati tana can nesa. Da sojoji suka sake juyin mulki a ranar 1 ga Fabrairu, 2021, sun tarar da zaɓaɓɓun 'yan majalisa a tattare a masaukinsu na Naypyidaw suna jiran buɗe majalisa, suka tsare su ba wahala. Yawancin ofisoshin jakadanci kuwa sun ci gaba da zama a Yangon.

4.3 Abuja

Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a ƙarshen Yuli na 1975. A watan Agusta ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don duba matsayin Legas, wadda a lokacin take babban birnin tarayya kuma hedikwatar jiha, ga cunkoso, ga ƙarancin fili saboda ruwa ya kewaye ta. Kwamitin ya miƙa rahoto a watan Disamba. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da ƙasa cewa za a gina sabon birni a tsakiyar Nijeriya, aka kafa yankin da Dokar Soja ta 6 ta wannan shekara, aka yanko shi daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Bayan kwana goma aka kashe shi a kan titin Legas.

Daga hawansa mulki zuwa sanarwar bai kai wata bakwai ba, amma tarewa ta ci kusan shekara goma sha shida. Gwamnatin Obasanjo ta samar da taswirar birnin, gwamnatin farar hula ta Shehu Shagari ta ci gaba da gini. Sai bayan yunƙurin juyin mulki na watan Afrilu 1990, wanda aka kai hari Barikin Dodan da ke Legas, sannan aka gaggauta, Janar Ibrahim Babangida ya tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Ke nan tsaron mai mulki yana cikin lissafin, kamar yadda yake a Islamabad da Naypyidaw. Abin da ya bambanta Abuja shi ne buƙatar ta riga Murtala: an daɗe ana muhawara kan matsayin Legas tun kafin samun mulkin kai, kuma ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a 1970 tana neman wurin da ba na ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku ba. Shi ya sa gwamnatocin da suka biyo baya, na soja da na farar hula, ba wadda ta janye.

5.0 Abuja da Suleja: Inda Suna da Gari Suka Haɗu

Sabon birnin bai zo da sabon suna ba, aro ya yi. A farkon ƙarni na 19, masu jihadi sun kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yi kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya sari gari a 1828, aka kira garin da sunansa. Har yau wasu Hausawa na cewa Habuja, kamar yadda Abu ke zama Habu a bakinsu. Tarihin wannan masarauta yana cikin littafin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wanda aka buga fassararsa ta Ingilishi a 1952.

Da aka ba babban birnin tarayya wannan suna, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, tare da riƙe ja ɗin nan na asali. An bi ƙirar tsohon suna wajen gina sabo, wanda hakan ya rage zafin rashin. Sai dai Suleja ba ta cikin Yankin Birnin Tarayya, tana Jihar Neja. Garin ya ba da sunansa, bai sami zama cikin abin da aka raɗa wa sunan ba, ko da yake sarkinsa har yanzu yana amsa Sarkin Zazzau.

Akwai kuma waɗanda suka ba da ƙasa. An bayyana yankin a matsayin wurin da ba na kowa ba, alhali Gwari da Gade da Gwandara da Koro da Ganagana da Bassa suna zaune a cikinsa tun kaka da kakanni. Harshen Gwandara ma shi ne mafi kusanci da Hausa a cikin dangin harsunan Cadi. Da farko an yi niyyar kwashe su gaba ɗaya a sake musu matsuguni a wajen yankin, amma tsadar aikin ta sa aka sauya shawara, aka bar mafi yawansu a inda suke. Doka ta danƙa dukkan filayen yankin ga Gwamnatin Tarayya. Har yau mutanen yankin ba su da gwamna ko majalisar dokoki ta jiha. Minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa ke gudanar da su, suna da sanata ɗaya, kowace jiha kuwa tana da uku. Ƙananan ma'aikata da yawa da ke yi wa birnin hidima suna kwana a Nyanya da Mararaba da Suleja, saboda kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfinsu. Waɗannan su ne tambayoyin da saurin dokar soja ya tsallake a 1976, suna nan suna jiran amsa.

6.0 Sakamakon Nazari

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da abubuwa huɗu.

Na farko, sauyin da ya amsa wata buƙata da jama'a ke da ita tun kafin zuwan sojan yakan ɗore. Haka Binin da Burkina Faso da Abuja suke. Sojan ya yanke hukunci ne a kan maganar da dama ake yi.

Na biyu, sauyin da aka ɗaure da jikin mai mulki yakan mutu tare da mulkinsa, kamar Zayar da daular Bokassa. Mobutu ya narka dukiya a garinsu Gbadolite, ya gina fadoji da babban filin jirgin sama, bayan faɗuwarsa aka wawashe fadojin, daji ya cinye su.

Na uku, suna ko wuri yakan sami karɓuwa idan ya game ƙabilu da dama, ko kuwa idan ba na kowace babbar ƙabila ba ne. Idan wani ɓangare ya ga an yi sauyin don a danne shi, kalma ɗaya ma na iya jawo zubar da jini, kamar yadda Dokar Soja ta 34 ta nuna.

Na huɗu, ɗorewa ba ta nufin adalci. Naypyidaw tana nan, Abuja tana nan, amma kowacce akwai waɗanda suka biya farashinta ba tare da an shawarce su ba. Birni ya fi suna wuyar warwarewa, domin da zarar an zuba kankare, wanda ya gaji mulki ba shi da zaɓi sai ya zauna a ciki.

7.0 Kammalawa

Batun bai zama tarihi ba tukuna. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin sojan Nijar ta sauya sunayen wasu wurare a Yamai, ciki har da titin Charles de Gaulle da ya koma titin Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba. Lokaci ne zai nuna rukunin da wannan sauyi zai faɗa, kuma ma'aunin shi ne wanda aka gani a sama: ko mai tasi da mai talla za su ɗauki sabon sunan a bakinsu.

A nan ne masu nazarin Hausa ke da aiki. Harshe yana da tasa taskar da doka ba ta kai gare ta: Bahaushe ya ci gaba da cewa Ikko, yana cewa Bama, yana cewa Habuja, ko mene ne aka rubuta a taswira. Akwai buƙatar a tattara irin waɗannan sunaye, a bi hanyoyin da suka shigo, a duba yadda gidajen rediyo da jaridun Hausa ke karɓar sabon sunan ƙasa ko su ƙi shi. Akwai kuma buƙatar a naɗi bayanan dattawan Suleja da na ƙauyukan da Abuja ta haɗiye, game da sunayen unguwanni da duwatsu da rafuka da ake kira kafin 1976, tun waɗanda suka san su suna raye.